Filasha ko mai allo? Kafin ka tura kuɗin na'urar gano kifi, tsaya ka karanta

1/ Jama'a, bidiyoyin nan na Turawa masu kamun kifi a kan ƙanƙara suna neman sa 'yan uwanmu asara. Mutum ya ga Bature zaune kan bokiti, ya huda tafki, yana kallon wata na'ura mai fitilu ja da kore, kifi na hawowa ɗaya bayan ɗaya. Shi ke nan, shi ma zai yi oda ya kai dam ɗin Zobe. Zaren da tsawo, a gyara zama.

2/ Ni ɗalibi ne, ɗan Dudunni ta ƙasar Kusada. Ba dila ba ne, ba na sayar da komai, don haka kar wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambayar farashi. Ra'ayina tun daga farko: a ruwanmu, in har za ka saya, mai allo za ka saya. Kuma babban amfaninta ma ba ganin kifi ba ne. Zan zo kan wannan.

3/ Na'urorin iri biyu ne ake ta musu a kansu. Ta farko Turawa na ce mata flasher, mu kira ta filasha (ba filashin da ake wa mai kati a waya ba). Fuskarta zagaye ce kamar agogon bango, fitilu na ƙyaftawa a gefe. Ta biyu mai allo ce kamar ƙaramar waya, hoto na tafiya a kai daga dama zuwa hagu.

4/ Cikinsu ɗaya ne. Akwai wani ɗan dunƙule da ake tsomawa a ruwa, zan riƙa ce masa kunne. Shi ke tura sauti ƙasa, sautin ya bugi abu ya dawo, na'ura ta lissafa lokacin da ya ɗauka. Sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya. A zurfin mita 6, zuwa da dawowa bai kai ƙiftawar ido ba, wajen kashi 8 cikin 1,000 na daƙiƙa.

5/ Ka lura, da sauti take aiki, ba kyamara ba ce. Don haka jan ruwan damina mai laka bai hana ta aiki. Wannan tambayar na san za a yi, na amsa tun yanzu.

6/ Bambancin yana wajen yadda kowace ke nuna maka abin da ta ji. Filasha tana faɗa maka abin da ke ƙarƙashinka yanzu-yanzu, nan take, in ya wuce ya wuce. Ba ta ajiya. Mai allo kuwa tana zana abin da ta ji, ta tura shi gefe, ta zana na gaba. Ka ɗauke kai ka ja filafili, ka dawo ka tarar da abin da ka wuce yana nan a allo.

7/ To me ya sa mutanen Minnesota da Kanada ke mutuwar son filasha? Dubi yadda suke kamun. Tafki ya daskare, sai ƙanƙara ta kai kaurin kamar santimita 10 kafin a ce mutum ya taka. Ya huda rami kamar bakin bokiti, ya saka kunne, ya zura ƙugiya ɗaya tal ta sauka a miƙe. Ba ya motsi. Ruwan ma ba ya motsi.

8/ A fuskar filasha yana ganin ƙugiyarsa a matsayin siririn layi. Kifi ya matso, wani layi ya bayyana, kore tukuna, ya koma ruwan lemo, ya koma ja in ya shigo tsakiya. Ya ɗan ɗaga ƙugiya, ya ga ko kifin ya biyo. Wasa ne tsakanin mutum ɗaya da kifi ɗaya. Don wannan aikin Vexilar da MarCum suka shahara, kuma wallahi a nan ba a ja da su.

9/ Yanzu dawo gida. Wa ke kamun kifi haka a Zobe, ko Jibiya, ko Ajiwa, ko Sabke? Masuncinmu kalli yake shimfiɗawa da yamma ya dawo da asuba. Ko ya jefa birgi. Ko ya dasa gura a gefen ciyawa. Ko ya ja igiya mai ƙugiyoyi da yawa ya bar ta ta kwana. Wani ma kan gora yake, rabin jikinsa a ruwa.

10/ Duk cikinsu babu mai buƙatar sanin cewa wani kifi guda ya matso kusa da ƙugiya a wannan daƙiƙar. Tambayarsa ita ce ina zan shimfiɗa raga, zurfin wajen nawa, me ke ƙasa da zai yaga min ita. Filasha tana nuna zurfi, ban ce ba ta yi ba. Amma a kwale-kwalen da ke tafiya yana tangaɗi, sai ka kafe ta da ido kana haddace layuka a ka. Wa zai tuƙa?

11/ Ga abin da bidiyon ba ya faɗa maka, kuma ya shafi na'urorin duka biyu. Sautin yana sauka ne kamar hasken tocila, siriri a sama, yana buɗewa a ƙasa. A kunnen da aka fi samu, mai buɗewar digiri 20, faɗin wajen da kake gani kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin ruwan.

12/ Yi lissafi da kanka. Zurfin mita 9, kana ganin da'ira mai faɗin mita 3. Zurfin mita 3, da'irar mita ɗaya kacal, tabarmar sallah ta fi ta tsawo. Yawancin inda ake kama karfasa gefen ruwa ne mara zurfi. Kifin yana iya zama taku biyu daga jirginka, allo ya nuna maka wayam.

13/ Ƙari a kan haka, karfasa ba wawa ba ce. A ruwa mara zurfi, inuwar jirgi da ƙarar filafili sun isa su watsa su kafin kunnen ya iso kansu. Bature a kan ƙanƙara ba shi da wannan matsalar, rufi ne tsakaninsa da kifin.

14/ Sai maganar tarwaɗa, wadda ita ce kuɗin. Abin da ya fi mayar da sauti a jikin kifi shi ne 'yar jakar iskar nan da ake cirowa in ana gyaran kifi. Ta tarwaɗa ƙarama ce ƙwarai, sannan ga ta da son kwanciya a laka. Kifin da ya manne da ƙasa, na'ura kan haɗe shi da ƙasar ta nuna su abu ɗaya. Kurungu ma ɗan ƙasa ne. Gaiwa da ta shige taɓo kuwa, manta kawai.

15/ Akwai kuma hoton kifin nan da ƙananan na'urori masu araha ke zanawa, ɗan kifi mai kyau da lamba a kansa, har da ƙara tit-tit. Ka kashe shi. Na'urar ba ta san kifi ba. Duk abin da ya mayar da sauti tsakanin sama da ƙasa kifi ne a wajenta: leda, reshe, kumfar iska, tsumman raga. In ka bi ta, sai ka wuni kana jefa wa ledar fiya-wata birgi.

16/ A allo na gaskiya kifi yakan fito kamar baka, ko gira, in jirgi na tafiya a hankali ya wuce ta kansa. In jirgin a tsaye yake, dogon layi za ka gani. Koyon karanta wannan kaɗai sai ka ba shi makonni. Duk mai sayarwar da ya ce maka kunnawa kawai za ka yi ka fara kwasa, kuɗinka yake kallo.

17/ To in haka ne me ya sa na ce a sayi mai allo? Saboda ƙasan ruwa. Nan ne take cin kuɗinta.

18/ Dam ba tafkin Allah ba ne, kwari ne da aka tare. Zobe, a ƙasar Dutsin-Ma, an gama shi a 1983 a kan kogin Karaduwa. Duk abin da ke kwarin lokacin da ruwa ya hau yana nan a ƙasa: tsohuwar hanyar kogi, tudu, duwatsu, kututturan itatuwa. Haka kowane dam yake. Kifi kuma yana bin waɗannan ne, gefen tsohon kogi, bakin gangare, gindin kututture.

19/ Mai allo tana zana maka duk wannan kana tafe. Ƙasa mai tauri, dutse ko tsakuwa, tana fitowa da layi mai ƙarfi, wani lokaci har da na biyu a ƙarƙashinsa saboda sautin ya yi tsalle sau biyu. Laka mai laushi tana shanye sauti, layinta ya fito da rauni. Kututture ya miƙe tsaye a allo kamar yatsa.

20/ Tambayi kowane masunci abin da ke cin jarinsa. Raga ce. Kalli ɗaya ya maƙale a kututture cikin dare, da safe ko dai ka yanke ko ka nutsa ka kwance, kuma nutso cikin raga a ruwa mai duhu shi ne irin abin da ke mayar da yara marayu. Na'urar da ta ce maka kar ka shimfiɗa nan, matsa gaba kaɗan, ta yi maka aikin da ya fi nuna kifi goma.

21/ Da yawa daga cikin masu allo suna da GPS. Ka wuce kan rami mai zurfi, ka danna, ta ajiye wajen. Ka ga kututture, ka danna. Bayan wata biyu kana da taswirar ruwanka a hannu, kuma ko cikin hazon hunturu da ba ka hango gaɓa za ta mayar da kai daidai wajen. Filasha ta gargajiya ba ta san wannan ba.

22/ Abin dariyar ma, ƙananan masu allo irin Garmin Striker 4 suna da shafin filasha a cikinsu. Ka danna, allon ya koma zagaye. Wato in ranar hutu ka ga dama ka zauna da fatsa a wuri mai zurfi ka yi irin na Bature, ba a hana ka ba. Mai allo tana iya zama filasha, filasha ba ta iya zama mai allo.

23/ Hujjojin da masu filasha ke kawowa a can, cewa allo yana jinkiri ko yana daskarewa a tsananin sanyi, na tsofaffin na'urori ne galibi, kuma ko da gaskiya ne ina ruwan ɗan Kankiya? Mu namu ciwon kan rana ce da ke hana ganin allo, da zafin watan Afrilu, da ƙura. Ka tanadi 'yar rumfa ko da ta kwali ce, da jakar da ruwa ba ya shiga.

24/ Kuɗi. Irin Striker 4 ɗin nan a Amurka dala ɗari da 'yan kai ce. Filasha mai suna, da batir da jakarta, ɗaruruwan daloli. Ka buga da canjin yau, ka ɗora kuɗin kawowa da na kwastan. Wato wadda ba ta dace da aikinka ba ita ce ma ta fi tsada. Kallon kitse ake wa rogo.

25/ Wuta kuma ba matsala ba ce sosai. Batir mai bolt 12 suke ci, irin ƙaramin nan na fanka mai caji, kuma ƙaramar na'ura tana iya wuni a kansa. Ƙaramin faifan sola ya isa ya cika shi. Abin da za ka kiyaye shi ne kunnen: ba ya ji ta cikin katakon jirgi, dole ka ɗaure shi a sanda ka saƙala a gefe, fuskarsa na kallon ƙasa daidai. In ya karkace, ƙarya zai yi ta zuba maka.

26/ Akwai ta uku da ake talla, Deeper, 'yar ƙwallo ce ta wani kamfanin Lituweniya, ana jefa ta da fatsa tana turo hoto zuwa waya. Ga mai tsayawa a gaɓa ba laifi. Amma riƙe wayarka ɗaya tilo da jiƙaƙƙen hannu a tsakiyar dam, kai ka san zuciyarka.

27/ Masu kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol, ku ma na ga kuna tambaya. Ruwanku bai wuce ƙugu ko ƙirji ba, kuma kun san adadin da kuka zuba. Kuɗin ku sa a abinci da canjin ruwa.

28/ Yanzu ga inda za a ce min yaro ne. Dattijon da ya shekara 30 a kan ruwa ya san kowane rami da kowane kututture da sanda da igiya mai dutse. Gaskiya ne, kuma ban isa in raina wannan ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ka sa shi da mai na'ura a jirgi biyu, a watan farko dattijon zai kunyata shi.

29/ Sai dai ƙasan dam ba ya zama yadda yake. Kowace damina kogi na kawo yashi da laka daga gonaki ya zube, ramin bana ba lallai ya kai na bara ba. Sannan ilimin dattijon a kansa yake. 'Ya'yan da yawa sun tafi Kano da Abuja, wasu na kan babur. Ranar da ya kwanta dama, taswirar ta bi shi. Ni abin da nake so in gani shi ne dattijon a gaban jirgi yana nuni, saurayi a baya yana dannawa.

30/ Amma akwai abin da ya fi damuna fiye da asarar kuɗin mutum ɗaya, shi ne in na'urar ta yi aiki da kyau.

31/ Da rani ruwa na ja baya, manyan kifaye su taru a 'yan ramuka masu zurfi. Su ne iyayen da za su hayayyafa in ruwan damina ya hau kan ciyawa. Abin da ke kare su zuwa yanzu shi ne ba kowa ya san ramukan ba. Ka ba mutum 50 allo da GPS, kowa ya je ya zauna a kansu daga Maris zuwa Mayu. Bana za a yi murna. Baɗi fa?

32/ An taɓa yin wannan a babban mataki. A gaɓar Newfoundland ta Kanada, manyan jirage masu irin wannan fasahar suna bin garken kifin kod duk inda ya taru. Kifin na ƙarewa a teku, amma raga na ci gaba da cika, saboda na'ura na kai su kan ragowar. A 1992 gwamnati ta rufe kamun gaba ɗaya, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Wannan teku ke nan fa, ba dam ɗin da kake hango ɗaya gaɓar ba.

33/ Mu kuma dama muna da namu ciwon tun kafin na'ura ta zo. Raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, da ke kwashe 'ya'yan kifi kamar yatsa. Masu zuba guba irin Gamalin. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa da lantarki, amma doka a takarda ba ta tsaron ruwa da dare. Kifin da aka kashe yana ɗan yatsa, babu allon da zai nuna maka shi yana ƙato.

34/ Kuma mu ba baƙin hana kamu ba ne. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, wajen nan na Matan Fada ana hana taɓa shi sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na tsaye a kai. Shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku sun ɗaga. Hutun da aka ba ruwan ne ya yi ƙaton, ba dabarar mai homa kaɗai ba.

35/ Don haka shawarata ga matasan da ke son shiga harkar: kar kowa ya sayi tasa. Ƙungiyar masunta ta mashiga ɗaya ta haɗa kuɗi ta sayi mai allo guda, mai GPS. A zaɓi samari biyu masu kan waya su koye ta sosai. A fita da Sarkin Ruwa da dattawa, a bi ruwan layi-layi a hankali, sau ɗaya bayan damina da ya cika, sau ɗaya a ƙarshen rani.

36/ A rubuta a littafi, ba a na'ura kaɗai ba, don na'ura na faɗawa ruwa. Nan kututture ne, kowa ya sani. Nan hanyar jirgi ce mai lafiya in an ɗauko mutane ranar kasuwa. Nan kuma ramuka biyu ko uku ne mafi zurfi, an yarda ba mai shimfiɗa raga a kansu daga tsakiyar rani har ruwa ya hau. Wanda ya karya, hukuncinsa na wajen Sarkin Ruwa kamar yadda aka saba.

37/ Wani zai ce ai in an nuna wa kowa ramin, an tona asirin kifin ke nan. E, haɗarin yana nan. Amma na'urar nan za ta shigo ko muna so ko ba ma so, araha take ƙara yi. Gara ramin ya zama sananne mai tsaro da ya zama sirrin mutum uku masu kuɗi da ke zuwa da asuba.

38/ 'Yan uwana ɗaliban sashen kifi da na labarin ƙasa, musamman na jami'ar tarayya da ke Dutsin-Ma da dam ɗin ke kusa da ku: ga aikin kammala karatu a kwance. Auna zurfin waje ɗaya shekara biyu a jere, ka ga yadda laka ke cike shi. Manoman rani da masu jiran ruwan famfo ma suna da buƙatar wannan lissafin, ba masunta kaɗai ba. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa irin aikin da take yi ke nan a tafkin Kainji, babu dalilin da namu ruwan zai zauna ba a auna ba.

39/ In ka riga ka yi odar filasha kafin ka ga zaren nan, kar ka jefar. Nemi waje mai zurfi, ka daure jirgi ya tsaya cak, ka saukar da ƙugiya a miƙe ƙarƙashin kunnen, ka rage ƙarfin ji har ƙugiyar ta zama siririn layi. Da safe kafin iska ta taso ta fi yin aiki.

40/ Masuntan Zobe, Jibiya, Ajiwa, Sabke da Mairuwa da ke nan, ko 'ya'yansu: a ƙarshen rani, igiya gaba nawa kuke saukewa a waje mafi zurfi kafin dutse ya taɓa ƙasa, kuma gaba nawa iyayenku ke cewa suna saukewa a da? Ku ajiye min a ƙasa tare da sunan dam ɗin, ina tattarawa.